Kwafar ma'ajiyar fayiloli ta Jackrabbit zuwa sabar ta biyu: ina haɗarin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A wurin aikinmu muna adana takardun da aka yi wa sikanin a kan manhajar adana takardu ta Apache Jackrabbit 2. Bayanan takardun suna cikin rumbun bayanai na PostgreSQL, fayilolin kansu kuma suna cikin ma'ajiyar fayiloli ta FileDataStore a faifan sabar, sun kusa terabait 2. Shugabanni sun ce a kafa sabar ta biyu a wani gari saboda ko-ta-kwana, layin da ke tsakaninmu kuma megabit 20 ne. Shin rsync, manhajar kwafin fayiloli tsakanin injuna, kowane dare ya isa? Ko in zuba fayilolin duka cikin rumbun bayanai in huta? Ko mu koma S3, ma'ajiyar Amazon ta intanet?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. rsync ya isa ya kwashe maka fayilolin, har da rara. Kwashe su shi ne mafi sauƙin aikin da ke gabanka. Abin da ke kayar da mutane a wannan harka abu biyu ne: wanda ke riga wani isa sabar ta biyu tsakanin fayil da bayaninsa, da kuma yadda gogewa ke bin sawun kwafi. Idan ka riƙe waɗannan biyun, ko da me ka kwafa za ka zauna lafiya.

Sai ka fara ganin yadda ma'ajiyar ke aiki, don duk shawarar da zan ba ka daga nan ta fito. A ce ma'aikaciya ta loda PDF. Jackrabbit ba ya ajiye shi da sunan da ta ba shi. Zai fara rubuta shi a cikin foldar ma'ajiyar da suna na wucin gadi mai farawa da tmp, yana rubutawa yana lissafa tambarinsa, wato jerin haruffa da lambobi da ake fitarwa daga abin da ke cikin fayil ɗin. Idan ya gama, tambarin ne ke zama sunan fayil. Haruffa shida na farko su ke nuna inda zai zauna: tambarin da ya fara da 3f9a1c zai shiga folda 3f, cikinta 9a, cikinta 1c. Abin da ake rubutawa a PostgreSQL shi ne tambarin kawai, tare da sunan takarda, wanda ya loda, izini da sauransu. Idan gobe wani ya sake loda wannan PDF ɗin da wani suna, tambarin zai fito iri ɗaya, sai Jackrabbit ya jefar da na wucin gadin ya nuna wanda ke nan. 'Yan ƙananan abubuwa ne kawai ba sa zuwa ma'ajiyar, su ana cusa su cikin rumbun bayanai, kuma minRecordLength ne ke yanke iyakar, wanda asalinsa bait 100 ne a Jackrabbit 2.

Wannan tsari ya shigo ne tun Jackrabbit 1.4, kuma Oak, magajinsa da ya fito a 2014, ya gaje shi. Kamfanin Day Software na birnin Basel a Suwizalan, wanda ya jagoranci ƙa'idar JCR da Jackrabbit ke bi, wadda ta fito a 2005, Adobe ta saye shi a 2010, shi ya sa za ka tarar rabin abin da aka rubuta kan wannan batu masu AEM ne, manhajar Adobe da aka gina a kan wannan tsari, suka rubuta. Ka karanta nasu, amma ka lura da inda suke maganar Oak, don ba kowane umarni ne zai hau naka ba.

Ka ga ke nan fayil ba ya canzawa bayan an rubuta shi. Idan an gyara takarda, sabon fayil ne ke fitowa da sabon tambari, tsohon yana nan zaune. Ma'ajiyar ƙaruwa kawai take yi. Saboda haka mai kwafi ba ya bukatar tambayar ko fayil ya sauya; tambayarsa ɗaya ce, akwai shi a can ko babu. Babu rigimar wane kwafi ne sabo. Ko sabar biyun za su riƙa tura wa juna fayiloli ba za su taɓa yin karo ba, don suna ɗaya na nufin ciki ɗaya. Shi ya sa wannan layin ya wadatar:

`rsync -a --ignore-existing --exclude='tmp*' /ma'ajiya/datastore/ sabar2:/ma'ajiya/datastore/`

An cire tmp ne don kada ka kwashi fayil ana tsakiyar rubuta shi. Kada ka sa --inplace. A yadda yake, rsync yana rubutawa a ɓoyayyen suna ne, sai ya kammala sannan ya ba fayil sunansa na gaske, don haka in layi ya yanke ba za a bar maka guntu mai cikakken suna ba. Da --inplace ka zubar da wannan kariyar, kuma tunda ka ce ya tsallake duk abin da ya tarar, guntun zai zauna har abada yana kama da lafiyayye.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya da kyau.

Ka ɗauki ma'ajiyar a matsayin sito, rumbun bayanai kuma littafin mai sito. Idan akwai buhu a sito amma ba a rubuta shi a littafi ba, ba komai, wuri kawai yake ci. Idan kuwa littafi ya ce akwai buhu ɗari na Alhaji, aka buɗe sito aka ga casa'in, to ranar akwai rigima. Dokar ke nan: a kowane lokaci, duk tambarin da ke cikin rumbun bayanan sabar ta biyu dole fayil ɗinsa ya riga ya isa can. Sito ya fi littafi yawa, ba laifi. Littafi ya fi sito yawa, asara.

Duba abin da zai faru da shirin da ka kawo. Na san za ka kunna kwafin kai-tsaye na PostgreSQL, wanda ya zo tun siga ta 9.0 a 2010, don shi ne abin da kowa ke yi. Shi wannan cikin daƙiƙoƙi yake kai canji. rsync kuwa sai ƙarfe biyun dare. In sabar ta farko ta mutu da la'asar, littafin da ke can ya san duk takardar da aka loda tun safe, sito kuwa ya tsaya a daren jiya. Abin baƙin cikin shi ne ba za ka gane da wuri ba. Manhaja za ta tashi lafiya lau, jerin takardu zai fito da sunaye da ranaku, kowa ya yi hamdala. Sai ranar da wani ya latsa wata takarda aka ce masa ba a samu rikod ɗin ba. Wataƙila bayan wata uku, lokacin da takardar asali ta koma hannun mai ita.

Mutane kan rikice a nan don suna jin shawara biyu masu kama da kishiyoyi. Wani ya ce fara da rumbun bayanai, wani ya ce fara da fayiloli. Duka biyun gaskiya ne, kowanne a gurbinsa. Wajen ɗauka, littafi ne farko: ka ɗauki hoton rumbun bayanai da ƙarfe ɗaya, sannan ka kwafi fayiloli bayan nan, don duk abin da hoton ya ambata ya riga ya sauka a faifai kafin ƙarfe ɗaya. Wajen saukewa kuwa, kaya ne farko: ba za ka ɗora hoton nan a sabar ta biyu ba sai rsync ya kammala ba tare da kuskure ba. Idan rsync ya gaza, hoton jiya ya ci gaba da zama. Wannan shi ne tsari mafi sauƙi da ba ya ƙarya, kuma in hukumarku za ta iya jure rasa aikin yini ɗaya, to ka gama, ba sai ka ƙara komai ba.

In ba za ta iya ba, sai ka matso da rsync, ya riƙa gudu kowane minti goma, PostgreSQL na can kuma ka ja masa birki da recovery_min_apply_delay, wanda ya shigo a siga ta 9.4. Ka ba shi awa ɗaya misali. Canje-canje za su riƙa isa nan take, amma ba zai aiwatar da su ba sai sun yi awa guda, kafin nan fayiloli sun iso. Akwai wani tarko a ciki da ba kowa ke faɗa ba: ranar da ka ɗaga sabar ta biyu ta zama babba, ba za ta ƙara jira ba, za ta haɗiye duk abin da ta tara. Jinkirin bai rufe ramin ba, dama ya ba ka ta zaɓar inda za ka tsaya. A ranar ko dai ka tsayar da ita a lokacin rsync na ƙarshe da ya yi nasara, ka rasa bayanan 'yan mintuna, ko ka bar ta ta haɗiye, sannan ka fitar da jerin takardun da ba su da fayil a sake yi musu sikanin. Ni na fi son na biyun. Gara in riƙe jerin takardu goma sha in ce ku sake kawo waɗannan, da a ce sun ɓace ba wanda ya san an taɓa loda su. Amma wannan hukunci ne da ya kamata a yanke yau da shugabanni, ba ranar da waya ke ta ƙara ba.

Akwai hanyar da ke kashe maganar jerin gaba ɗaya, kuma ita zan ɗauka da ni ne a kujerarka. Ka ɗora PostgreSQL da ma'ajiyar fayiloli da foldar fihirisar bincike duk a kan tafki ɗaya na ZFS, tsarin ajiyar fayiloli mai iya ɗaukar hoton abin da ke faifai. Umarni ɗaya na `zfs snapshot -r` yana ɗaukar hoton su duka a ƙiftawar ido guda, sai `zfs send -R -i` ya tura bambancin da ke tsakanin wannan hoton da na baya. Littafi da sito sun daskare tare, sun yi tafiya tare, sun sauka tare. PostgreSQL zai tashi daga irin wannan hoto kamar wanda aka ɗauke wa wuta, ya gyara kansa daga kundinsa na WAL, inda yake rubuta kowane canji kafin ya aiwatar, muddin kundin yana cikin hoton shi ma. Ga kuma wata riba: rsync sai ya leƙa kowace folda kafin ya san abin da ya ƙaru, kuma da irin wannan tsari na hawa uku foldoji kan yi yawa har su tasam ma yawan fayiloli. In kun kai miliyoyi, leƙen kawai zai fi minti goman da ka ware. Wannan yawan foldojin ne kuma ke wahalar da lsyncd, manhajar da ke kunna rsync da zarar fayil ya shigo, don kowace folda sai ya sa mata mai gadi. ZFS ba ya leƙe, ya riga ya san abin da ya canza. Kuɗin da za ka biya shi ne ƙaura zuwa sabon faifai da koyon sabon abu, kuma sabar ta biyu ba za ta yi aiki ba sai ranar bukata.

Kwafin farko kuma kada ka ɗora shi kan layi. Terabait 2 a megabit 20 daƙiƙa 800,000 ne, kwana tara da 'yan awanni, in layin bai yanke ba kuma ba wanda ya taɓa shi, ka kuwa san yadda abin yake. Ka zuba a faifan waje, ka kulle shi da kalmar sirri, a sa a mota. Bayan nan layin ya ishe ka: gigabait 5 a rana bai wuce minti 34 ba.

Sai gogewa, wadda ita ce ta taɓa cin mutuncina.

Tunda takardu da yawa na iya nuna fayil ɗaya, Jackrabbit ba ya goge fayil don an goge takarda. Sai an kunna aikin kwashe shara, mai zagaye biyu. A na farko ana bin duk takardun da ke cikin Jackrabbit, har da tsofaffin sigogin takardu, ana sa wa kowane fayil da ake bukata alama. A FileDataStore na Jackrabbit 2 alamar ita ce sabunta lokacin fayil ɗin a faifai. A zagaye na biyu duk wanda lokacinsa ya girmi farkon aikin sai a share shi. Wannan ya jawo abubuwa. Na ɗaya, agogon injuna da lokutan fayil ba ado ba ne, rayuwar takarda ce ta rataya a kansu. In ma'ajiyar na kan faifan da ake rabawa ta hanyar sadarwa kuma agogo ya saɓa, za a iya share mai rai. Na biyu, bayan kowace shara kusan duk fayiloli za su zama kamar sababbi a idon mai kwafin da ke duba lokaci, kuma --ignore-existing ne ke hana shi sake tono terabait biyu. Na uku, kada shara ta gudu tsakanin ɗaukar hoton rumbun bayanai da kammala kwafin fayiloli, don za ta iya share abin da hoton ke nunawa.

Abin da ya same ni kuwa ba shara ba ce, --delete ne, umarnin da ke sa rsync ya goge a can duk abin da babu a nan. A wani wuri da na yi aiki, ma'ajiyar tana kan wata na'urar ajiya daban, ana jona ta da sabar. Na sa --delete don in ga bangarorin biyu sun yi daidai tsaf, abin ya yi mini kyau a ido. Wani dare aka ɗauke wuta, janareta ya yi jinkiri, batir ya ƙare. Da wuta ta dawo sabar ta riga na'urar ajiyar tashi, jonin bai kama ba, foldar ta kasance wayam. Lokacin cron, mai kunna aiki da kansa bisa agogo, ya yi, rsync ya leƙa ya ga babu komai, ya je can ya mayar da ita babu komai. Aikinsa ya yi, ba shi da laifi. Da safe na buɗe na ga faifan ko-ta-kwana ya koma fanko, sai da na zauna. Allah ya taimake ni na asalin bai taɓu ba, muka sake kwafa daga farko, amma mun yi kwanaki muna tafiya da kwafi ɗaya tak, ni kaɗai na san halin da nake ciki. Tun daga ranar ba na barin gogewa ta tsallaka da kanta. Sabar ta biyu tarawa kawai take yi. Kafin kowane kwafi kuma sai `mountpoint -q` ya tabbatar faifan yana jone. In dole sai an rage kaya a can, ana yi da hannu, da rana, bayan shara ta yi makonni da gudu a ta farko, kuma da --max-delete don in adadin ya wuce hankali ya tsaya.

Akwai dalili na biyu na barin tsofaffin fayiloli a can. In kana ajiye hotunan rumbun bayanai na wata uku baya, kowane hoto yana bukatar fayilolin zamaninsa. Ka share su, hoton ya zama littafin sito da aka kwashe. Don haka tsawon lokacin da fayil zai zauna bayan an daina bukatarsa dole ya kai tsawon ajiyar hotunanka.

Kuma kada ka taɓa kunna shara daga sabar ta biyu alhali rumbun bayananta yana baya. Sitonta ya fi littafinta yawa da gangan, ita kuwa shara duk abin da ba ya littafi bola ne a wurinta. Haka nan in wata rana ka kwafi tsarin don gwaji ka bar shi yana nuna ma'ajiyar aiki, shara daga na gwajin za ta cinye duk abin da aka loda bayan ranar kwafin. Inda ma'ajiyoyin Jackrabbit da yawa, kowacce da littafinta, ke raba sito ɗaya, ƙa'idar Jackrabbit ita ce kowacce ta sa alamarta tukuna, sannan ɗaya ta share. Oak ya ɗaure wannan da kyau: kowace ma'ajiya tana rajistar lambarta a cikin siton, ba a sharewa sai kowa ya miƙa jerinsa, kuma ba a taɓa fayil da bai kai awa 24 ba. Duk da haka kwafin da aka yi ya gaji lambar uwarsa, sai an sake masa da umarnin resetclusterid na oak-run, kayan aikin Oak, in ba haka ba siton zai ɗauka mutum ɗaya ne.

Kan tambayarka ta biyu, DbDataStore, mai zuba fayiloli cikin rumbun bayanai, yana nan kuma yana aiki. In fayiloli da bayanai suna cikin PostgreSQL ɗaya, kwafinsa zai kai su a jere yadda aka rubuta, matsalar littafi da sito ta mutu. Da gigabait 30 kake da su da na ce bismillah. Da terabait 2 a'a. Kowane PDF zai bi ta WAL sannan ya sauka a tebur, ajiyar baya za ta koma aikin kwana da yini, dawo da ita ma haka, kuma gurbin bytea, inda PostgreSQL ke zuba fayil, ba ya ɗaukar abin da ya wuce gigabait 1. Ranar da rumbun ya samu matsala, maimakon ka dawo da ɗan littafi cikin minti ashirin, sai ka jira sito duka. MultiDataStore kuma kada sunan ya ruɗe ka, aikinsa kwashe tsofaffin fayiloli zuwa ma'ajiyar adana, ba yin kwafi biyu ba.

Wani zai ce maka ka haɗa sabar biyun su zama gungu. Gungun Jackrabbit 2 yana bukatar duk injuna su ga rumbun bayanai ɗaya, kundin canje-canje ɗaya da ma'ajiyar fayiloli ɗaya, kowanne da lambarsa da fihirisarsa. Wannan maganin cunkoso ne da mutuwar inji ɗaya a ɗaki ɗaya. Bai ƙara maka kwafin fayil ko guda ba. Ka ɗora su duka kan NFS ɗaya, wato faifan da ake rabawa ta hanyar sadarwa, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Miƙa gungu tsakanin gari biyu a kan megabit 20 kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gari ɗaya ne ke rubutu, ɗayan yana jira. In wata rana kuka koma Oak da ajiyar Segment, akwai Cold Standby da aka gina don wannan: ta biyu tana jawo canji daga ta farko duk bayan daƙiƙa 5, har da fayiloli in ba sito ɗaya suke rabawa ba, ɗagawa kuma da hannu ake yi.

S3 yana cire maka ciwon kan faifai, don shi da kansa yake ajiye kowane abu a gine-gine daban-daban na yanki ɗaya, kuma tun Disamba 2020 abin da ka rubuta shi za ka karanta nan take. Amma kwafi daga yanki zuwa yanki a baya yake biyowa, ba tare ba. Alkawarin minti 15 ma da ƙarin kuɗi yake. Ka ga maganar littafi da sito ta dawo ta taga. Sai ka kunna ajiye sigogi a bokitai biyun, wato wuraren ajiya na S3 a yankunan biyu, kafin ya yi aiki, kuma abin da ke ciki kafin a kunna ba ya tafiya da kansa, sai ka tura shi daban. Ka lissafa kuma cewa kowace takarda da ma'aikaci zai buɗe ta intanet za ta biyo, kuɗin da dala ne, sannan in akwai bayanan mutane a takardun, dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 tana da sharuɗɗa kan fitar da su waje, ka sa lauyanku a ciki tun farko. Manhajojin MinIO ko Ceph za su ba ka irin wannan a ɗakinku, sai dai Ceph dabba ce babba, a tsarinsa na asali kwafi uku yake ajiyewa, yana son injuna da mai kiwo. Ga mutum ɗaya ko biyu masu riƙe da komai, ban ba da shawara ba.

Shugabanninku sun yi daidai da suka ce wani gari. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ginin SBG2 na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, ta taɓa na kusa da shi, kuma akwai abokan cinikin da ajiyarsu ta ko-ta-kwana tana harabar. Amma ka faɗa musu sabar ta biyu ba ta maye gurbin ajiyar baya. Kwafi mai biyayya ne, kuskure ma yana kwafarsa. Wanda ya goge folda bisa kuskure, ko manhajar 'yan fansa da ta kulle fayiloli, duk sabar ta biyu za ta iya gado. Kana bukatar kwafi na uku da ba ya jone, ko faifan da ake cirewa ne ana sa shi a sef. A 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab yana gyaran kwafin PostgreSQL ɗinsu ya goge bayanan babbar sabar a zaton ƙaramar ce, aka duba hanyoyin ajiyar baya aka tarar yawancinsu ba sa aiki, suka rasa bayanan kusan awa shida. Mutane ne da suka san aikinsu.

Wannan tsarin ajiya yana da wata kyauta da ya kamata ka ci: kowane fayil yana ɗauke da shaidar lafiyarsa a sunansa. Ka sake lissafa tambarin, ka kwatanta da sunan, in sun saɓa ya lalace. Ba ka bukatar tuntuɓar sabar ta farko. Ka rubuta ɗan shiri da zai bi manyan foldoji 256 ɗin nan, wasu kaɗan kowane dare, ya zagayo duk wata ko biyu. Sai dai ka duba tsawon suna kafin lissafi, don hanyoyin lissafa tambarin biyu ne. Mai haruffa 40 na SHA-1 ne, mai 64 na SHA-256. A Fabrairu 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun fitar da PDF biyu mabambanta masu SHA-1 ɗaya, har aka loda su a ma'ajiyar Subversion ta WebKit suka rikita ta. Bayan nan Jackrabbit ya koma SHA-256 ga sababbin fayiloli, don haka tsohuwar ma'ajiya da aka sabunta za ta ƙunshi iri biyu. In naka har yanzu 40 yake fitarwa ga sabon lodi, ka tsufa a siga, ka sabunta.

Wancan duba ne na sito. Na littafi daban yake: a bi kowace takarda a tabbatar fayil ɗinta yana nan. Oak yana da umarnin wannan a oak-run. A Jackrabbit 2 sai ka rubuta ɗan shirin Java da zai bi takardu ya buɗe kowace jcr:data, wato gurbin fayil ɗin takarda, ya karanta bait ɗaya, ya rubuta waɗanda suka ƙi. Shi ne kuma zai fitar maka da jerin nan na ranar ɗagawa.

Abu na ƙarshe da ake mantawa shi ne fihirisar bincike ta Lucene. Ba ta cikin PostgreSQL, ba ta cikin ma'ajiyar fayiloli, tana foldar index a faifan sabar. In ka tashi ta biyu ba ita, Jackrabbit zai gina sabuwa, kuma ginin na nufin bin kowace takarda da tatso rubutun cikinta da manhajar Tika. A terabait 2 wannan ba aikin shan shayi ba ne, manhajar kuma ba za ta buɗe ba sai ya gama. In ka kwafi tsohuwar fihirisa da ba ta yi daidai da rumbun bayanai ba, bincike zai ɓoye takardun da ke nan ya nuno waɗanda babu. Wannan ma na cikin abin da ya sa na karkata ga hoton ZFS.

Ka nemi Asabar ɗaya. Ka cire wa sabar ta farko igiyar sadarwa ba tare da ka kashe ta a hankali ba, ka riƙe agogo, ka ɗaga ta biyu da takardar matakai da ka rubuta, amma abokin aikinka ne zai bi ta, kai kana kallo ba ka magana. Ku buɗe takardu ashirin na ƙarshe da aka loda ranar Juma'a, ku gudanar da shirin duba littafi, ku rubuta minti nawa aka ɗauka da takardu nawa suka rasa fayil. Waɗannan lambobi biyun za ka kai wa shugabanni ranar Litinin, su ce sun yarda ko a ƙara kuɗi.